Kusurwar da na sa sunana ita suka fara yankewa

Har yau in na shiga shagon kawuna a Agege na ɗaga kai na ga kalandar nan sai raina ya sosu, duk da an kwana biyu da faruwar abin. Hotona ne a jiki. Gadar Third Mainland ta Legas kafin rana ta gama fitowa, hazon hunturu ya kwanta a kan ruwa, ga wani masunci shi kaɗai cikin kwale-kwale ya ɗaga koma zai watsa. Sau huɗu na je kafin na samu wannan, kwana nake a ɗakin wani abokina a Bariga don in na taso daga Agege bayan asuba kafin in iso hasken ya wuce, muna idar da sallah zan saɓi kamara da sandarta mai ƙafa uku in gangara bakin ruwa ta wajen Akoka in tsaya sauro na cina ina jiran rana.

Kuma ba wai ban sa wotamak ba fa, wato tambarin sunan mai hoto, abin da ya fi ƙona min rai kenan. Na sa. Na rubuta sunana ƙarami da farin rubutu a can ƙasa kusurwar dama, a kan ruwa inda ba komai, saboda ina jin tausayin hoton, bana so rubutu ya taɓa gadar ko masuncin. A lokacin gani nake na yi dabara, ga tambari ga hoto bai ɓaci ba. Ashe na ajiye shi ne daidai inda yankewa ba za ta rage wa hoton komai ba.

Ranar da na gani na je gaida kawu ne bayan la'asar, yana lissafi da wani mai kawo masa kaya, ni kuma idona ya faɗa kan bango. Da farko nace kama ce, sai na matsa na ga koman masuncin nan a buɗe rabi, irin yadda ta buɗe a nawa, har da tsuntsu guda da ya gifta ta saman ƙafa ta uku ta gadar. Nace Kawu ina ka samo wannan? Yace wani kamfani da yake sarin kaya a wajensu ne suka raba wa kwastomomi, ya ka gani ɗana, ai ta yi kyau ko? Nace Kawu ni na ɗauki hoton nan. Ya cire tabarau ya goge ya mayar ya duba ƙasa yace to ina sunanka? Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. Sun datse ƙasan hoton kamar faɗin yatsa biyu, a wurin kuma suka jera sunan kamfaninsu da lambobin waya da jan rubutu.

Sai da na dawo gida na zauna na gane kuskuren biyu ne ba ɗaya ba. Kalandar babba ce, girman A3, kuma hoton ya fito tas ba dishi-dishi, to wanda na ɗora a Instagram ba zai taɓa yin haka ba, don faɗinsa fiksel 1080 ne, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗa hoto, in za a buga shi da kyau a kan fiksel 300 duk inci bai kai inci huɗu ba, ɗan kati kenan. Cikakken fayil suka samu, mai fiksel 6000 a tsawo, wanda zai cika inci 20. Ni kuma na san inda na saki cikakken, wani guruf ne na WhatsApp na masu son hoto, mutum ya fi ɗari a ciki ban san rabinsu ba, na tura shi a matsayin dokumen saboda kar WhatsApp ya matse shi hazon ya lalace, ina so a ga aikin yadda yake a yaba. An yaba kam. Daga nan ya bi hannu ya tafi.

A ƙasan kalandar da ƙananan haruffa akwai lambar wanda ya buga, na kira, na bi shi har wurin aikinsa. Bai ma ɗauki abin da zafi ba, yace shi turo masa aka yi, kuma ai gada ce ta gwamnati, tun da Babangida ya buɗe ta a 1990 mutane ke ɗaukarta hoto, kusan kilomita 12 ce kowa da inda yake tsayawa, ta yaya zan ce wannan nawa ne? Abin da ya cece ni ɗanyen fayil ɗin ne, wato RAW, na buɗe laftof na nuna masa hoton da ranar da lokacin da lambar kamara a jiki, sannan na nuna masa wanda na ɗauka kafin shi da wanda ke bayansa, masuncin yana ɗaga hannu, koma ta buɗe, koma ta faɗa ruwa. Nan ya yi shiru. Da nace ya zuƙo gefen dama sosai sai ga ɗan saman harafin farko na sunana da yankan bai cinye ba, wani ɗan ɗigon fari a kan ruwa.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 tana bayana, hoto naka ne tun daga lokacin da ka ɗauka ba sai ka yi rajista ba, kuma kariyarsa shekara 50 ce. Na faɗa wa masu kamfanin haka, na ambaci Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, sai suka sauko suka ba da haƙuri da ɗan abin da bai kai rabin kuɗin da zan caje su ba da sun tambaye ni tun farko. Na karɓa don ba ni da ƙarfin zaryar lauya. Amma kalanda ta riga ta bazu, ba mai bi shago shago ya karɓo.

Bayan nan na yi wani gwaji da ya kamata a ce tun farko na yi. Na ɗauko hoton mai tambarina a kusurwa na buɗe shi a waya, na shafa abin goge-gogen nan da wayoyin yanzu ke zuwa da shi, kafin in ƙifta ido sunan ya ɓace ruwa ya koma sumul kamar ba a taɓa rubutu ba, ko yankewa ma ba sai an yi ba. Sai na mayar da sunan kan ƙafafun gadar da ƙarafunan gefenta na sake gogewa, wannan karon wurin ya dagule, ƙafa ɗaya ta karkace, duk mai ido zai san an taɓa. Sararin sama da ruwa da yashi, duk inda ya yi sumul kar ka ajiye sunanka a nan, kuma matsalar hoton fili kenan, rabinsa sama ne da ruwa, wurin da ranka zai fi kwanciya ka sa tambari shi ne wurin da ya fi sauƙin gogewa.

Yanzu a manhajar gyaran hoto ta Lightroom nake sa tambarin, in rage kaurin rubutun zuwa wajen kashi 30 yadda ba zai tsone ido ba, in ɗora shi a kan abin da in an yanke shi hoton ya mutu. Duk abin da zai hau intanet bana barin tsawonsa ya wuce fiksel 1600. Na cika sunana a wurin haƙƙin mallaka na cikin kamara, duk da na san shafukan nan suna share yawancin bayanan in an ɗora, kuma lokaci lokaci ina jefa hotunana a Google Lens da TinEye, masu binciko inda hoto ya bayyana a intanet, in ga inda suka kwana. Cikakken fayil kuwa sai wanda ya biya, dokumen a guruf na daina har abada.

Abokina na Bariga yace min tambarin nan na tsakiya yana rage wa hoto kwarjini, kuma gaskiyarsa ne, ni ma duk sanda na ɗora sunana a kan ƙafar gada sai na ji ba daɗi, ba don wannan na tsaya cikin sauro ba. Amma na tuna tambayar kawu.

Shi kawu bai sauke kalandar ba. Da na koma na tarar ya sa biro ya rubuta sunana a ƙasan hoton daga dama, saman jan rubutun kamfanin, duk wanda ya shigo sayayya sai ya nuna masa yace ɗan ƙanwata ne ya ɗauka. Makon jiya na ga wata irinta a wani shago a Mile 12, na tsaya na daɗe ina kallon kusurwar, mai shagon yace Malam me za a ba ka, nace ba komai na wuce.