Ƙirgen tarwadar Kawu

Kawuna yana da ramin kiwon tarwada a bayan garin Garwa, kusa da kogin Binuwai. 'Ya'yan kifi 500 ya zuba. Bayan wata huɗu ya rasa sanin nawa suka rage, don zalɓe na ɗauka, guza na ɗauka, manyan kuma na haɗiye ƙananan. Ga mai saye yana son jin adadi kafin ya ba da kafin alƙalami.

Na ce, "Kawu, zan ƙirga maka su ba tare da an kwashe ruwan ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To ɗan boko, bismilla."

Dabarar tsohuwa ce. Wani masani mai suna Petersen ya yi wa kifi alama a Danmak tun 1896, wani masanin kuma mai suna Lincoln ya yi irin wannan lissafin kan agwagin daji a Amurka a 1930. Ka kama wasu, ka yi musu alama, ka sake su. In ka sake kamu, yawan masu alama a cikin sabon kamun zai nuna maka yawan na cikin ruwa.

Da hantsi na watsa abinci, na jefa birgi har na tara 60. Kowanne na ɗan tsaga masa gefen wutsiya da almakashi, ƙayar ɗaya ta soke ni a babban yatsa, na kwana ina jin zugi. Bayan kwana uku na koma wurin nan dai, na sake watsa abinci. Na kama 50, 20 masu alama. Wato 60 sau 50, a raba da 20: kifi 150.

Kawu ya yi salati, ya fara zargin mai gadi.

Sai da dare abin ya faɗo mini. Lissafin yana ɗauka cewa kowane kifi na iya faɗawa raga daidai da ɗan'uwansa. Ni kuwa haɗamammun da ke rige-rigen abinci na yi ta kamawa, masu tsoro suna can ƙasa cikin laka.

Washegari muka aro taru, muka ja shi daga wannan baki zuwa wancan, ba abinci. Kifi 70, masu alama 12 kacal. Lissafi ya ba da 350.

Ranar da aka kwashe ramin an samu 331. Mai gadin dai har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata.