Bayanin da na'ura ke karantawa kafin ta taɓa kuɗin wasa

Wasan dara muka haɗa na waya, mu 'yan kaɗan ne, kuma duk abin da ya shafi kuɗi a wuyana yake: tallan da ake nuna wa ɗan wasa, da tsabar cikin wasa da yake saya, da rajistar wata-wata mai cire masa talla. Da aikin ya fi ƙarfina sai muka yanke shawarar miƙa wani ɓangare ga wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke aiwatar da aiki da kanta, ya riƙa saka farashi, yana duba sayayya, yana kawo rahoton abin da ya shigo. Kayan aikin da ake haɗa wa irin wannan wakili sun yawaita tun da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, tsarin haɗa wakili da wasu manhajoji, a watan Nuwamban 2024. Aka ce in tantance mana kayan aikin da za mu ɗauka, na fara da bayanin da aka rubuta a kan kowanne.

A wannan tsarin, abu uku ne ke isa ga wakilin game da kowane kayan aiki: sunansa, da ɗan bayaninsa, da jerin guraben da zai cike. Shafin kamfani mai hotuna da bidiyo, ni ne nake ganinsa, shi ba ya gani. Don haka na rufe shafukan, na ba shi abin da zai samu kaɗai, na sa shi aiki a asusun gwaji ina kallo.

Aiki na farko shi ne ya sa jakar tsaba a kan naira 500. A wani kayan aikin, bayanin gurbin bai wuce "farashin kaya" ba. Wakilin ya rubuta 500 ya wuce abinsa. To, 500 ɗin me? Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da kobo yake lissafi, wato 50,000 ya kamata a rubuta, in ba haka ba an sayar da jakar a naira biyar. Google Play kuwa, a gurbin da yake kira priceAmountMicros, naira ɗaya miliyan ɗaya ce, naira 500 ta zama 500,000,000. Ga kuma 'yan wasanmu na Maraɗi da Damagaram: Stripe, shi ma kamfanin karɓar kuɗi, ba ya raba sefa zuwa ƙananan rabe-rabe, wanda duk ya ninka da ɗari kamar yadda ya saba da kobo ya caji mutum ninki ɗari. Kamar dai a aiki yaro kasuwa a ce ya auno gero biyar, ba a faɗa masa mudu ko tiya ba. Mutum zai tsaya ya tambaya. Wakilin yakan zaɓi abin da ya fi kama da daidai ya ci gaba, har ya kawo rahoton cewa an gama lafiya. Duk kayan aikin da bai faɗi ma'auni da nau'in kuɗi a cikin gurbin kansa ba, tun nan na ajiye shi.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Dokar Google Play ce a tabbatar masa da an karɓi sayayya cikin kwana uku, in ba a yi ba ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya kwace kayan. A asusun gwaji 'yan mintuna ake bayarwa, shi ya sa abin ke saurin fitowa fili. Wani kayan aikin ya duba sayayya da kyau, amma bayaninsa bai ce ko shi ke aika tabbacin ko wani ba. Wakilin ya ɗauka an gama, kuɗin gwajin suka koma. Haka nan sayayyar da ke jiran biya: sai an rubuta ƙarara cewa ba a ba da kaya sai kuɗi sun shiga.

Wani ƙanena a wurin aiki ya ce, "Yaya, ai duk wannan yana cikin shafin Google, wakilin ya sani." Na ce masa, "Ƙanena, wace siga ya sani?" Tun 2022 da siga ta biyar ta Billing Library, manhajar Google Play ta karɓar kuɗi a cikin wasa, ta fito aka sauya hanyar neman bayanan kaya, amma tsofaffin misalai na nan birjik a intanet. Bayanin da ba shi da lambar siga da kwanan wata, ban san da wane zamani yake magana ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maimaici. Sadarwa na yankewa a wurinmu, kuma wakili idan bai ji amsa ba sake aikawa yake yi. Idan umarnin na ƙara wa ɗan wasa tsaba ne, sau biyu za a ba shi? Idan na mayar da kuɗi ne fa? MCP ya tanadi alamomin nuna cewa wannan aiki karatu ne kawai, wancan yana gogewa, wancan ana iya maimaita shi ba illa. Da yawa sun bar su fanko. Wanda ya cike su ma sai da na gwada, domin alama ce kawai da maginin ya saka, ba wanda ya tantance masa. Saƙon kuskure shi ma bayani ne: wanda ya ce "an kasa" ya bar wakilin yana ta bugawa, wanda ya ce an riga an yi amfani da wannan rasit ya tsayar da shi nan take.

Ɓangaren talla bai ɗauke ni lokaci ba. Na duba ko bayanin ya umarci a yi gwaji da lambobin tallan gwaji na AdMob, dandalin talla na Google, tunda latsa tallanka na gaske na iya jawo rufe asusu, da kuma ko ya ambaci yara 'yan ƙasa da shekara 13 da dokar COPPA ta Amurka ke karewa.

Akwai ɗaya da na ƙi duk da kyan rubutunsa. Ya bayyana dalla-dalla yadda ake haɗa akwatin sa'a, wanda ɗan wasa ke biya bai san abin da zai fito masa ba, amma ko kalma ɗaya babu kan bayyana yiwuwar samun kowane kaya, abin da Apple ya wajabta tun 2017, Google Play kuma tun 2019. Beljiyam ma tun 2018 ta sa irin waɗannan akwatuna a sahun caca. Yara da yawa na buga wasanmu a wayoyin iyayensu, ba zan ɗora wakili a kan wannan ba.

Wanda muka ɗauka shafinsa ba shi da wani ado, ayyukansa ma ba su kai na sauran yawa ba. Muka ba wakilin damar karanta rahoto da duba sayayya kai tsaye, sauya farashi da mayar da kuɗi kuwa sai ɗayanmu ya gani ya amince.