Murjanatu

Yau aka yi sunan 'yar Yaya. Ina kicin tun asuba ina fama da ƙullun waina, ban ma ji lokacin da aka shafa fatiha a ƙofar gida ba, sai da Auta ya leƙo da goro a hannu ya ce yarinya ta ci sunan Inna. Murjanatu. Wallahi ajiye ludayin na yi na zauna a kan turmi, shekara 6 kenan da rasuwar kakarmu Inna amma sai na ji kamar yanzu za ta ƙwala min kira daga ɗaki.

Har azahar cikin farin ciki nake, kowa ya shigo sai na ce an yi wa Inna takwara.

To bayan la'asar na kai wa Anti farfesu ɗaki, ƙawayenta sun cika gado, sai wata a cikinsu da ban ma san ta ba ta ɗaga jaririyar ta ce "haba dai, a wannan zamanin Murja? Ai sunan tsofaffi ne, gara da za ku riƙa ce mata Nur." Aka kwashe da dariya. Na ce mata baiwar Allah kin san ma'anar sunan kuwa? Ta ce ba jan dutsen wuyan nan na mutanen da ba ne. Na ce shi ne, kuma sau biyu Allah ya ambace shi a Suratur Rahman, aya ta 22 inda ya ce lu'ulu'u da murjani suna fita daga tekuna biyu, sai aya ta 58 inda aka kamanta matan Aljanna da yaƙutu da murjani. Ta ce "to Malama, Allah ya ba da haƙuri." Anti ta yi min ido, na ajiye kwanon na fita.

Abin da ban samu na faɗa mata ba shi ne yake ta cin raina. Murjani fa ba haƙo shi ake yi a ƙasa ba kamar zinare, wasu ƙananan halittu ne a ƙarƙashin teku suke gina shi kamar rassan bishiya, a hankali a hankali, sai ya yi shekaru masu yawa kafin kaurinsa ya kai ɗan yatsa. Jan nan da iyayenmu suka sani daga tekun Bahar Rum yake, a da fatake suke ratso Sahara da shi ta Turabulus da Gadamus har Kano, wato Larabawan da suka zauna a unguwar Dandalin Turawa, su kasa a kasuwar Kurmi. Su ma malaman tafsiri wasu sun ce marjan ƙananan lu'ulu'u ne, wasu suka ce jan nan ne dai. Ko wanne ka ɗauka abu ne da sai an nutsa ake samo shi.

Inna tana da nata sili ɗaya, ƙwaya manya manya, na mahaifiyarta ne. A cikin kumbo take ɓoye shi a naɗe da tsumma, sai sallah ko biki take fito da shi. Takan ɗora min a tafin hannu ta ce "ji sanyinsa, ji nauyi, na roba ba ya haka, ke 'yar nan ki san abu mai daraja."

Na san dole a yi wa yarinya alkunya, Abba ba zai iya kiran sunan mahaifiyarsa gatsal ba, Umma ma haka. Ba ni da ja a nan. Amma a ce mata Ummi ko Mama mana, ko Inna ƙarama, wanda duk ya ji ya san akwai wadda ake jin kunya a bayan sunan. Nur suna ne mai kyau, sai dai in aka sa shi don ana ƙyamar na yankan ne, nan da shekara 10 yarinyar ma sai a takardar makaranta za ta riƙa ganin Murjanatu.

Waina ta ƙare kafin 'yan Fagge su iso, sai shinkafa aka ba su. An ɗauke wuta tun magariba. Bayana kamar zai ɓalle.

Da zan tafi na koma na ɗauke ta, ta yi barci, jajir da ita, na raɗa mata sunan a kunne sau uku.

Yanzu na tuna tun rabon kayan Inna ban sake ganin murjanin nan ba. Na tura wa Goggo saƙo a WhatsApp ina tambaya ko yana wajenta, ta buɗe tun ƙarfe tara, har yanzu shiru.