Daren da kuran ya ɗauke a zawiya

Ba son waƙa ne ya kai ni aikin sono, wato haɗa lasifika a wajen taro, ba. Lakwal ce ta gagare ni, baffana ya kama hannuna ya kai ni shagon wani abokinsa a Zango, ya ce a koya mini ko da naɗe waya ne. Shekara biyu ban taɓa maɓallin komai ba. Aikina ɗora lasifika a amalanke da hawa bedi in ɗaure su, in kuma sha faɗa idan waya ta harɗe. Abin da na fara ganewa a sana'ar shi ne mai biyan kuɗi ƙara yake so. Gidan biki, taron siyasa, wa'azin kasuwa, kowa burinsa a kunna a Birni a ji a Sabon Gari. Sai na ɗauka gwaninta ke nan.

Amma idan watan Maulidi ya kama, maigidana yakan zama wani mutum daban. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san waɗannan darare: a shimfiɗa tabarmi ƙofar gidan malam ko a zawiya, a ja Ishiriniya har dare ya raba. Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya tsara ta, baiti ashirin ga kowane harafi, daga nan sunan ya fito; daga baya aka yi mata tahamisi, kowane baiti ya koma ɗango biyar. Mutum ɗaya ke ja, jama'a na amsawa. To, maigida sai ya ba mai ja mikoro ɗaya, ya rataya biyu suna kallon jama'a, sannan ya rage na mai jan har ya kusa nutsewa cikin sauran. Abin ya riƙa ba ni haushi.

Na ce, "Maigida, ai shi aka zo ji."

Ya ce, "Kai dai riƙe wayarka, yaro."

Wata shekara, ana saura kwanaki a fara karatun, wani dattijo baduku da muke gaisawa ya rasa babban ɗansa a haɗarin mota a hanyar Tanut. Na je gaisuwa. Kwana uku yana zaune kan tabarma ƙofar gida, carbi a hannu. A ce masa "Ya haƙuri?" ya ce "Da godiya." A ce "Allah ya jiƙan rai," ya ce "Amin, Allah ya ba da lada." Ya faɗi wannan ya fi sau ɗari biyar, idonsa a bushe ƙamas. Haka aka san namiji a wurinmu, kuma kowa ya yaba masa da tawakkali.

Dare na biyu na karatun sai ga shi. Bai shiga gaba inda sa'o'insa suke ba, ya zauna can baya, dab da teburin da nake. Ana tsakiyar wani harafi kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Na ruga wajen injin gurup mai ba da wuta na yi ta jan igiya, ya ƙi tashi, don ni aka aika sayen mai da la'asar na shagala. Ina cikin zufa da tsoron abin da maigida zai yi mini, sai na lura karatun bai tsaya ba. Muryar mai ja ta koma ƴar siririya can nesa, amma amshin ya cika wurin, mutum wajen ɗari biyu cikin duhu. A nan na ji dattijon. Yana amsawa, muryar ta tsage, ta yanke, ya ja numfashi kamar mai haɗiye tuwo da zafi, ya sake shiga. Kuka yake yi sosai, irin wanda kafaɗa ke rawa. Mutanen da ke damansa da hagunsa suka ɗan ɗaga murya kaɗan. Ba wanda ya waiga. Da wuta ta dawo ya riga ya share fuska da jelar rawaninsa, yana zaune kamar kowa.

Maigida bai yi maganar mai ba sai washegari, ya cire mini jika ɗaya daga kuɗin mako. A daren dai, muna tura amalanke, abin da ya ce kawai shi ne, "Ka ji abin da nake rataya wa mikoro?"

Na daɗe ina juya wannan daren. Gaisuwar mutuwa alheri ce, amma aiki take ɗora wa mai makoki: dole ya amsa, ya miƙa hannu, ya riƙe fuskarsa. Amshi ba ya neman komai sabo daga gare shi. Kalmomin tun yana yaro a makarantar allo suke bakinsa, ba sai ya yi tunani ba. Baitin dogo ne, yana tilasta wa ƙirji ya saki numfashi a hankali, kuma tare da na kowa. Wanda ya kwana uku ƙirjinsa a ɗaure ya san darajar wannan. Abin da ya fi duka, idan ka kasa, ba a tsayawa a jira ka. Ka yi shiru baiti biyu, karatu na tafiya, ka dawo ka tarar da gurbinka. Muryar gwani guda, komai daɗinta, sauraro take sa ka. Idan na ƙure ta a lasifika, na mayar da jama'a ƴan kallo, na kuma cire wa irin wannan dattijo bargon da ya zo ya lulluɓa.

Ko ita Burda da muke yawan ja, asalinta daga jinya ne. Busiri, mutumin Masar, ya tsara ta ne lokacin da shanyewar jiki ta kwantar da shi, kuma an ruwaito ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a mafarki ya lulluɓe shi da mayafinsa. Baitocinta wajen 160 ne, ana raba su da salati guda da kowa ya haddace. Tsofaffin da ba su san fassarar baiti ɗaya ba, salatin nan suke jira, kuma da ya zo za ka ji wurin ya yi nauyi.

Na san akwai malaman da ba su yarda da waɗannan tarukan ba, suna cewa bidi'a ce. Su ma ina kai musu kaya wajen wa'azi, kuma ba ni da ilimin shiga tsakani. Inda na yarda da su ba gardama shi ne zaman makoki ba wurin nuna arziki ba ne. An taɓa kirana sadakar bakwai ta wani attajiri aka ce in kawo lasifika takwas. Na kai biyu, na ce sauran sun lalace. Allah ya yafe mini ƙaryar.

Wani abin da ban zata ba ya same ni a wajen Kiristoci. Akwai mutanen Togo da Binin da suka daɗe a garin nan, makanikai da masu ɗinki da malaman lakwal. Matar wani makaniki ta rasu, suka nemi kaya don kwanan zaune. Na yi jim. Maigida ya ce, "Kayan haya ne, kuma mamaciyar ƴar Adam ce. Tafi." Mawaƙan cocinsu sun kai ashirin, yawanci mata. Tsarinsu ya bambanta da namu: mu layi ɗaya muke bi gaba ɗaya, su kuwa sun kasu murya huɗu, siririya da mai bi mata a wajen mata, matsakaiciya da mai kauri a wajen maza, kowace na bin hanyarta amma suna haɗuwa kamar zaren saƙa. Ban ji ko kalma ɗaya ta yarensu ba. Kafin a fara, matar da ke jagorantar su ta zo teburina ta ce, cikin Hausarta mai gargada, "Ɗana, kashe nawa, bar na mutane." Na dube ta kamar maigida ne ya aiko ta. Can cikin dare na hango mijin ya tashi daga kujerarsa ya je ya tsaya cikin maza masu kaurin murya, bakinsa na motsi, ban san ko sauti na fita ba.

Bara Inna ta rasu. Na yi zamana na kwana uku, na ce "Da godiya" har bakina ya gaji, ina jin luguden gumbar sadaka daga cikin gida da muryar gwaggonnina suna salati ƙasa-ƙasa. Ranar Juma'a bayan la'asar na tafi zikiri a zawiyarmu, karo na farko cikin shekaru ba tare da waya a kafaɗa ba. Yaron da nake koya wa aiki ne a tebur. Aka fara hailala, muryar mai ja tana dukan bango tana dawowa, ta danne kowa. Na ɗago kai na sami idon yaron, na yi masa alama da tafin hannu zuwa ƙasa. Ya ɗan yi turus, sannan ya murɗa maɓallin baya.