Jirgin lilo na katako ba ya son zaman banza

Shekara 14 ke nan ina riƙe da ƙaramin shagon kafinta a jihar Fensilbaniya ta Amurka, ni da ma'aikata 5. Muna rufin gida, muna matakala, amma aikin da nake bugun ƙirji da shi shi ne gyaran jirgin lilo na katako, wanda mutanen nan ke kira rola kosta: dogon layi a kan turakun katako, taragu su hau tudu a hankali, su gangaro da gudu, mutane na ta ihu.

Layin kansa ba gungume ɗaya ba ne. Katako ake jerawa hawa-hawa, bakwai ko takwas, a ɗinke da ƙusa. Biyun sama sun fi faɗi, sun ɗan leƙo ciki, domin tayar da ke ƙarƙashi ta kama su kada tarago ya tashi sama. Wannan dabara ta wani mai tsara jiragen lilo ce, John Miller, ya yi mata rajista a 1919. A bisa katakon ake shimfiɗa siririn ƙarfe inda taya ke bi. Wurin kwana kuwa, kowane katako da hannu ake lanƙwasa shi har ya kwanta kan ɗan'uwansa. Idan ka yi kuskuren rabin inci, mai hawa zai ji shi a haƙarƙarinsa.

Muddin filin wasa na aiki, kullum da sassafe kafinta na bin layin a ƙafa, guduma a hannu, yana mayar da ƙusar da ta ɗago, yana ɗaure notin da ya kwance. Ranar da aka rufe ƙofa, wannan tafiya ta tsaya. Ruwa ya shiga tsakanin katakon, sanyi ya daskarar da shi, ya tsaga itacen, bazara ta zo ruɓa ta kama. Big Dipper, jirgin lilo na filin wasan Geauga Lake a jihar Ohayo, tun 1925 yake aiki. An rufe wurin a 2007, ya yi shekara 9 a tsaye babu mai taka shi, aka rushe shi a 2016. Har yau abin na yi mini ciwo.

A Sabon Garin Zariya na koyi sana'a, wajen wani dattijo da muke kira Baba. Ba ya sayen katako sai ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma. Yakan ce mini, "Kai yaro, kawo kunnenka." Lafiyayye yana amsawa garau, wanda gara ta ci kuwa sai ka ji kamar an bugi buhun dusa. Na yi wata shida ban taɓa zarto ba, sai dai miƙe tsofaffin ƙusoshi da sauraro. A nan babu gara irin tamu, ruwa ne abokin gaba, amma kunnen da Baba ya ba ni shi nake ci da shi. Yarana na da na'urar auna danshi, kuma tana da amfani, amma sau da yawa kafin su kunna ta na riga na nuna musu wurin.

Ana iya ceto jirgin da aka rufe, an kuma yi. Jirgin Phoenix da ke filin wasan Knoebels, nan jiharmu, a San Antoniyo ta Tekzas aka gina shi a 1947, sunansa Rocket a lokacin. An rufe filinsa a 1980. Masu Knoebels suka saya, ba su sami zanen gininsa na asali ba, sai suka bi katako ɗaya bayan ɗaya suna rubuta masa lamba, suka kwance, suka loda a manyan motoci, suka sake haɗa shi. A 1985 ya koma aiki. Duk sabon yaron da na ɗauka sai na kai shi ya hau, sannan mu tsaya a ƙasa ya ga yadda turakun ke ɗan rangaji idan tarago ya wuce. Rangajin nan shi ne lafiyarsa. Jirgin Zippin Pippin na birnin Memfis kuwa, an rufe filinsa a 2005, kafin a gama shawara itacen ya lalace, mai wannan suna da aka buɗe a birnin Green Bay a 2011 da sabon katako aka gina shi.

Babbar damuwata dillalan katako. Ka ce a kawo maka busasshe, wanda maganin ruɓa ya ratsa har ciki, su sauke maka ɗanye mai nauyin ruwa, cike da kulli. Ka kafa shi, wata uku ya murɗe ya tofar da ƙusa. Bara na mayar wa wani da mota guda, yana ta rantsuwa a waya. Sai kuma masu arha, waɗanda ke manna sabon katako a kan ruɓaɓɓe su shafe da fenti. Mai wuri ya ce mini wane ya yi masa rabin kuɗina. Nakan ce ya ba ni guduma mu je tare.

Duk mai irin wannan jirgi da zai rufe wurinsa, ya kira mu kafin sanyin farko. Za mu sauke taragun mu sa a rufi, mu shafa wa sarƙar da ke jan su gris, mu sare ciyawa da itatuwan da ke gindin turaku, mu auna kowane tudu da kwana mu zana a takarda. Sannan duk wata mu zo mu bi layin a ƙafa, tun daga tasha har mu dawo tasha.