Tambayar da maƙwabciyata ta yi mini a bakin ƙofa

Watanmu bakwai da tarewa a wani gari kusa da Detroit, a jihar Michigan, kafin ɗiyata ta samu ƙawa. Wata bakwai yarinya tana dawowa daga makaranta ta lafe a jikin taga tana kallon dusar ƙanƙara. Ranar da ta ce mini ɗiyar maƙwabtanmu za ta zo wasa, tun da safe na tashi na soya cincin, na turare falo, kamar mai jiran baƙin Sallah.

Uwar ce ta rako ta. Muka gaisa, na ce su shigo, sai ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da hannun 'yarta ta ce tana da tambaya: akwai bindiga a gidan nan? In akwai, a kulle take?

Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na dubi hijabin da ke jikina, na ce a raina shi ke nan, abin da ake faɗa ya zo har ƙofata. Ni da na bar ƙauyenmu a yankin Batsari saboda 'yan bindiga, ni ake tambaya ko ina ajiye bindiga? Na ce mata babu. Ta yi murmushi ta saki yarinyar ta tafi. Yara suka yi wasansu, ni kuwa na shige kicin na yi kukan da ban yi ba tun ranar da na yi sallama da Inna.

Da maigidan ya dawo daga aiki na zazzage masa. Ya ce in kwantar da hankalina, haka iyaye da yawa suke tambayar juna a nan, ko likitan yara yakan tambaya. Ban yarda ba. Sati biyu ina kauce wa matar, in na hango motarta sai in koma ciki.

Ita ce ta kira ni shan shayi. Ta sauka da ni ɗakin ƙasa ta nuna mini wani akwatin ƙarfe da ya kusa kai tsayina. Ashe mijinta maharbi ne, duk tsakiyar Nuwamba yana fita farautar barewa, bindigoginsa suna ciki a kulle, an cire musu harsashi. Ta ce tun 13 ga Fabrairun 2024 doka ce a jihar: duk gidan da ake sa ran yaro zai shiga, dole a cire harsashi a kulle bindigar, in yaro ya ɗauka ya kashe wani, mai ita na iya shan ɗaurin shekara 15. Ta ba ni labarin makarantar sakandaren Oxford, wadda ba ta da nisa sosai da mu, inda a Nuwambar 2021 yaro ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu da bindigar da ubansa ya sayo kwana huɗu kafin nan. Uban da uwar duka an ɗaure su. Tana faɗa muryarta na rawa. Na ji kunya, amma har yanzu ina ganin da ta bari na ba ta ko ruwa kafin ta tambaya. A wurinmu ba a fara wa mutum da tuhuma a bakin ƙofarsa.

Tun ranar hankalina ya koma gida. Baba, Allah ya jiƙansa, maharbi ne shi ma, kuma an san shi. Bindigarsa ta toka a rataye take a bangon turakarsa, albarushi a cikin ƙaho a gefe. Mu goma sha ɗaya ya haifa, babu wanda ya taɓa kai hannu wurin. Ba kwaɗo, ba makulli, kallo ɗaya ya ishe mu. Na daɗe ina alfahari da wannan, har na faɗa wa matar.

Amma Baba sau nawa yake ɗura ta? Sai zai shiga daji. Yanzu Yaya ne a gidan, yana cikin 'yan sa-kai, tasa a ɗure take kwana a gefen shimfiɗarsa, ga yara biyar, ƙaraminsu bai daɗe da fara tafiya ba.

Na kira shi a WhatsApp, sai a kira na uku ya shiga. Na ce, "Yaya, don Allah ka riƙa sa ta a akwati ka kulle, ko da rana ce." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Auta, in sun zo da la'asar, makulli zan tsaya nema?" Ban sami abin cewa ba. Inna ta karɓi wayar tana tambaya ko sanyin ya ragu, ko yarinya ta fara haddar da na ce za ta fara.

Na tura masa kuɗin da na tara don sayen rigar sanyi, na ce ya sa kafinta ya kafa masa katako can sama kusa da rufi, inda hannun yaro ba zai kai ba. Ya ce in sha Allahu bayan girbi. An gama girbi tun watan jiya, jibi zan sake kiransa.