Daga fakon Baba zuwa Harobanda

Ranar da na ci bak, jarabawar ƙare lise (babbar sakandare), Baba bai ce uffan ba sai bayan sallar isha'i. Ya kira ni ƙofar gida ya ce, "To, Yamai ɗin nan, damina nawa za ta ci?" Na ce uku, in Allah Ya yarda. Bai tambayi kuɗi ba. Yayana yana Abijan wajen bida kamar yawancin samarin Adar, ni kaɗai na rage mai ƙarfin riƙe hauya, kuma ga shi zan tafi.

Daga Tawa motar ta bi ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 500. Washegari na haye Gadar Kennedy zuwa Harobanda, wato ƙetaren ruwa da Zabarmanci, inda Jami'ar Abdou Moumouni take. Wani ɗan garinmu da ya riga ni da shekara biyu ya tsayar da ni a tsakiyar gadar. Ya ce a nan ne aka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairun 1990 suna zanga-zanga, kuma wannan jinin yana cikin abin da ya kai ƙasa ga babban taron 1991. Tun ban ga aji ba na gane cewa wurin da zan shiga yana da nauyi. An fara shi a 1971, ya zama Jami'ar Yamai a 1973, kuma har 2010 da aka buɗe na Maraɗi, Tawa da Damagaram, gwamnati ba ta da wata jami'a sai ita.

Kuɗin rajista ba shi ne ke karya mutum ba, in ka gwada shi da na makarantun kuɗi ba a bakin komai yake ba. Abin da ke cin aljihu ƙanana ne masu zuwa kullum: fotokofi, sabulu, tikitin abinci, taksi in rana ta hana ka taka gada, sai kuɗin mota in an yi rasuwa a gida. Inna ta sayar da tunkiyarta a shekarata ta biyu, ba ta faɗa mini ba, a bakin ƙanwata na ji. Har yau in ana maganar tsadar karatu, tunkiyar nan nake gani.

A tsangayar aikin gona na yi rajista. Shekarar farko na yi ta da halin lise: in kwafe darasi, in haddace, in zuba a takarda. Jarabawar ilimin ƙasa ta kayar da ni, sai a zagaye na biyu na haye. Laifina ne, domin ban taɓa leƙa ɗakin gwaji ba sai an tilasta, ban kuma taɓa tsayar da malami da tambaya ba. Ina ganin girmansu ya fi ƙarfin ɗan ƙauye.

A shekara ta uku wani malaminmu ya tambaye ni daga ina nake. Na ce wajen Illela. Ya ajiye alli ya ce, "Ashe ka san tassa." Na ce, "Malam, da ita na tashi." Ramukan da muke haƙa a fako da rani, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwan farko ya kwanta a ciki maimakon ya gudu. A wurina wahala ce kawai ta watan zafi. Shi kuwa ya ce in je in auna, in kawo masa lamba.

Na kwashe wannan daminar ina ɗibar ƙasa daga cikin rami da kuma daga fakon da ba a taɓa ba, ina ɗaurewa a leda, ina rubuta rana a jiki. A ɗakin gwaji sai a auna nauyinta, a sa ta a tanda mai zafin digiri 105 kwana guda, a sake aunawa. Bambancin awon farko da na biyu shi ne ruwan da ta riƙe. Ranar da na jera lambobin a kwamfuta na ga layin tassa yana sama da na fako kwanaki bayan ɗaukewar ruwa, sai da na tashi na fita waje. Abin da Baba ya sani da ido, ga shi a rubuce yadda kowa zai iya dubawa ya musa ko ya yarda.

A lokacin ne na nemi sanin mutumin da aka raɗa wa jami'ar sunansa a 1992. Abdou Moumouni Dioffo haifaffen Tasawa ne, masanin fiziks, ya shugabanci jami'ar, ya rasu a 1991. Ranar nan da ke ƙona mu ita ya ƙarar da rayuwarsa yana nazari a ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, don ta dafa abinci ta ɗumama ruwa. Da na san haka tun farko, da ban ɓata shekara biyu ina jin kunyar inda na fito ba.

Yanzu ƙanwata ce ke shirin tafiya. Na ce mata ta yi lissafin guzurin kowane wata, ta koyi Zabarmanci ko na cefane ne, ta kuma ƙwanƙwasa ƙofar malamai tun zangon farko.

Da na kai wa Baba kundin binciken, ya juya shi a hannu, ya tsaya kan hoton gonarsa. Ya ce, "Nan ai wajen gawon nan ne." Sannan ya tambaya ko takardar ta faɗi zurfin da ya fi. Na faɗa masa. Ya ce gobe da asuba mu je in nuna masa da hauya.